Hancin Auta

"Mama, madararki na ƙonewa."

Maganar ta riga ta fita kafin Auta ta kama bakinta. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta da mayafi a hannu, kicin kuwa yana can ƙarshen baranda, ƙofarsa a rufe. Babu wani hayaƙi da ido zai gani.

Mama ba ta ruga kicin ba. Ta jingine tsintsiya a hankali, ta juyo ta ƙare wa 'yarta kallo.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ƙarar tafasa na ji."

"Da kunne kika ji ƙauri? To lallai likitan nan naki ya iya aiki, ya haɗe miki hanci da kunne wuri ɗaya."

Auta ta sunkuyar da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nata kuwa ko nisa bai yi ba.

"Tun yaushe hancin ya dawo?"

"An ɗan kwana biyu. Kaɗan-kaɗan yake zuwa."

"Kika rufe ni, ni da bakina ya bushe wajen yi miki addu'a?"

"Mama, in kin sani, Baba ya sani. In Baba ya sani, kin san motar wa za ta tsaya a ƙofar gidan nan."

"Ni dai ban taɓa ɓoye wa ubanki magana ba."

"Ko ɗaya, Mama?"

Mama ta kau da kai. Sai a lokacin ta tuna da madara.

Duk wanda ya san shagon Mai Turare ya san suna na uba ne, hanci na 'ya ne. Tun Auta ba ta kai tsayin kantar shago ba take zama a ɗakin haɗi da ke bayan shagon, tana sansana murfin kwalabe tana faɗin abin da ke ciki. Da ta girma, Baba ya sakar mata haɗin gaba ɗaya, har da turaren da shi kansa yake shafawa kowace safiya. Yana zaune a gaba yana karɓar yabo, ita tana baya tana auna ɗigo.

A wannan ɗakin Ɗan Kamfani ya fara ganinta. Mahaifinsa ne mai masana'antar da ke cika kwalaben turare da injin, kuma ya daɗe yana neman hanci irin nata. Ɗan ya zo da mota mai sheƙi da baki mai zaƙi, iyaye suka yi magana, Baba ya ba da baki. Auta ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba, don ba wanda ya tambaye ta.

Sannan wani nama ya tsiro a cikin hancinta. Numfashi ya koma ta baki, ƙamshi ya riƙa nisa da ita har ya ɓace. Aka kai ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wani likita mai yawan shiru ya yi mata aiki ya cire naman. Numfashi ya dawo, ƙamshi bai biyo shi ba.

Motar Ɗan Kamfani ta mance hanyar gidansu a makon nan, sai dai ta shago.

Likita kuwa bai mance ba. Ya ba ta 'yan kwalabe huɗu, na lemun tsami da kanumfari da wardi da na'a-na'a, ya ce ta riƙa sansana su safe da yamma ko da ba ta jin komai, don jijiyar ƙamshi ta kan farka in ana yawan ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wata rana kuma ta je ganin likita, aka ce mata daga yau abokiyar aikinsa ce za ta riƙa duba ta. Ta ji haushi har ta same shi a baranda ta tambaye shi laifin da ta yi.

"Ba ki yi laifi ba," ya ce. "Akwai maganar da ba zan iya faɗa wa majinyaciyata ba. Yanzu ke ba majinyaciyata ba ce."

Haka abin ya fara. Amma ranar da ya zo gaida Baba, sai harshensa ya yi masa gardama. Ana cikin gaisawa ya dubi tsohon da kyau, ya ce, "Baba, da za ka samu lokaci ka zo a duba hancinka."

Baba ya miƙe tsaye.

"Ka gama da na 'yata, saura nawa? Duk likitocin duniya, na zuciya da na ƙashi, sai mai leƙen majinar mutane ne zai nemi 'yata? Ka ɗauke mata hanci. Ka dawo mata da shi, sannan ka zo mu yi magana."

A ranar kuma ya aika wa mahaifin Ɗan Kamfani cewa in yarinya ta warke, magana tana nan yadda aka bar ta. Gaba kura, baya sayaki ke nan. In hanci bai dawo ba, Likita mai laifi ne. In ya dawo, Auta ta wani ce.

Tun daga lokacin ta daina shiga shago, shi kuma Baba ya daina zama inda take. Gaisuwa ma daga bakin ƙofa ake yin ta.

* * *

Da Auta ta isa asibiti, bencin jira ya cika. Ga wani dattijo ya kafa tafin hannu a bayan kunne yana cewa "Na'am?" ga duk wanda ya wuce. Ga wani malamin makaranta da murya ta ƙwace masa, yana bayani da hannu. Ga wata mata riƙe da 'yarta da ta tura dutsen sarƙa a hanci, uwar na kuka, 'yar na wasa da takalminta.

Ƙofa uku ne a jere. Ta farko ta masu kunne, inda ake rufe mutum a wani ɗan ɗaki a gwada jinsa. Ta ƙarshe ta masu murya da haɗiya. Ta tsakiya ita ce ta masu hanci, kuma an raba ta ɗaki biyu, nasa da na abokiyar aikinsa. Ya taɓa ce mata kunne da hanci da maƙogwaro gida ɗaya ne mai ƙofa uku, in wuta ta kama ɗaki ɗaya sauran ma sai sun sha hayaƙi.

Ta jira har aka fito da dutsen sarƙa, uwar ta fita tana godiya tana dungure wa 'yar kai. Sannan ta shiga.

Yana wanke hannu, fitilar aiki tana ɗaure a goshinsa. Siririn bututun nan mai haske a baki, wanda yake zurawa ya ga cikin hanci a allo, yana kwance a tire.

"Mama ta gane," ta ce, ko gaisuwa babu. "Yau Baba zai kira ka. Ka ce masa bai dawo ba."

Ya kashe fitilar, ya cire ta.

"Ba zan faɗa ba."

"Wanne ne ba za ka faɗa ba?"

"Duka biyun. Ba zan ce bai dawo ba, don ƙarya ce. Ba zan ce ya dawo ba, don sirrinki ne, ba nawa ba."

"To me amfaninka?"

"Auta."

"A'a, ka bar ni in faɗa. Kalma ɗaya za ka yi, mu samu lokaci. Wancan zai gaji ya nemi wani hancin ya aura. Amma kai ka fi son farar rigarka ta zauna fes, ni a ɗauke ni a kai ni masana'anta in riƙa sansana wa inji turare har in tsufa."

Hawaye suka zubo mata. Abin da ya taɓa hanci dama shi ke sa ido ruwa. Ya miƙa mata audugar da ke kusa da shi, ta ture hannun.

"Kin san sau nawa na tsaya a bayan ƙofar can ina jiran abokiyar aikina ta fito ta ce min kin ji lemun tsami?" ya ce a hankali. "Ranar da kika ji shi, na shiga ɗakin nan na rufe, na kasa kiran majinyaci na gaba. Yanzu ki ce in tsaya gaban mahaifinki in binne wannan? Ba don in aure ki na cire naman nan ba. Don ki yi numfashi ne, ki ji ƙamshin abin da hannunki ya haɗa."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya dube ta ido cikin ido.

"Ina son ki fiye da yadda na iya faɗa, kin san ban iya magana ba. Amma in da ƙarya zan shiga gidanku, kullum sai kin ci abinci kina yi kamar ba kya jin ƙamshinsa. Ba zan sa ki wannan kurkukun ba."

Ta goge fuska da bakin mayafi. Haushinsa take ji, kuma saboda abin da ya ba ta haushin take son sa. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mata rai.

"Ka san abu na biyu da na fara ji bayan lemun tsami?"

"Kanumfari?"

"Kai. Ashe warin maganin asibiti kake yi. Wata da watanni ina zaton wani ƙamshi ne da kai."

Dariya ta kusa ƙwace masa. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, suka dube ta tare. Baba ne.

"Je ka," ta ce, ta gyara mayafinta. "Tunda ba za ka yi magana ba, ni zan yi. Amma kada ka ce ban gaya maka ba."

* * *

Da la'asar suka haɗu a ɗakin haɗi. Motar Ɗan Kamfani ta riga kowa isowa, tana ƙofar shago tana sheƙi.

Baba yana kan kujerarsa, Mama tana gefe a kan benci, idonta a ƙasa. Ɗan Kamfani ya harɗe ƙafa kusa da tebur. Likita ya tsaya daga bakin ƙofa, don ba wanda ya ce masa ya zauna.

Auta ta shigo ta durƙusa. Ɗakin da ta girma a cikinsa ya tarbe ta da ƙamshi, amma akwai wani abu a ƙarƙashin ƙamshin, mai nauyi, kamar tsohon mai da aka mance a kasko. Ta sha jin sa a barandar gida bayan Baba ya wuce, ta ɗauka hancinta ne ke mata gizo, don an faɗa mata ƙamshi in zai dawo ya kan zo a karkace.

"Likita," Baba ya ce, ko kallonsa bai yi ba. "Hancinta ya dawo ko bai dawo ba?"

"Baba, ba ni da izinin faɗa. Ga ta nan, ita za ka tambaya."

Ɗan Kamfani ya yi murmushi. "Baba, ai shiru ma magana ce. Mutum ya ga kaya mai tsada, dole ya so a ce ya lalace don ya saya da araha."

"Ba kaya ba ce," in ji Likita.

"Ban sa da kai ba."

Baba ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Ya taso da kansa, ya zo ya tsaya a kan 'yarsa, kusa da ita yadda bai yi ba tun ranar da ya kori Likita. Ya miƙa mata bakin hannun rigarsa.

"Ni na haɗa wannan da hannuna. Ki sansana, ki dubi idona, ki ce ba ki ji komai ba."

Ta sansana.

Ba gizo ba ne. Turaren da ke jikin Ɗan Kamfani tana jin sa daidai, haɗinta ne na da, ko ɗigo bai kauce ba. Warin maganin Likita ma yana nan yadda ta bar shi da safe. Hancinta gaskiya yake faɗa mata. Ta ɗaga ido ta dubi jarkar man haɗi da ke ƙarƙashin tebur, wadda ta bari tun kafin a yi mata aiki, sannan ta dubi sababbin kwalaben da aka jera a kan kanta, duk daga jarkar aka cika su.

Ta dubi Mama. Mama ta ƙara sunkuyar da kai.

A nan Auta ta gane abin da Likita ya gani tun ranar farko, ta gane kuma dalilin da ya sa Baba ya sakar mata haɗi tun shekarun baya. Ashe Baba ya daɗe ba ya jin ƙamshi. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta yi shiru. Kalma ɗaya za ta ce, ban ji ba, ta rufa wa kanta asiri ta rufa masa. Gobe kuma ya sake shafa wannan abin ya zauna a gaban shago, mutane suna gaishe shi suna kau da hanci.

Ta juya wajen Ɗan Kamfani.

"Kai da hancinka lafiya lau, yaya ka ji turaren Baba?"

"Ai tun da na shigo nake faɗa masa," ya ce da sauri. "Hannun manya daban ne. Kullum na zo sai na ce masa wannan ya fi na da."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta miƙe tsaye. Ba ta sauke ido ba.

"Baba, hancina ya dawo. Kuma turaren da ke jikinka ya lalace. Man da ke jarkar can ya tsufa, wari yake yi. Duk abin da aka haɗa da shi tun bayan tafiyata, wari yake yi."

Baba ya kai hannun rigar hancinsa, ya ja numfashi da ƙarfi, ya sake ja. Fuskarsa ba ta nuna ya ji komai ba, kuma kowa ya ga hakan.

"Ke," ya ce wa Mama, murya ƙasa-ƙasa. "Gaskiya ne?"

"Na so in faɗa," in ji Mama tana hawaye. "Na rasa ta inda zan fara. Kai ne fa Mai Turare."

Ya juya wajen Ɗan Kamfani. Wannan ya sauke ƙafarsa daga kan ɗaya.

"Baba, girmamawa ce. Ai ba a faɗa wa babba..."

"Ka bar ni ina yawo cikin mutane da wari, kana ce min ya fi na da."

"Ya bar ka ne don shago ya mutu, ka rasa yadda za ka yi sai ka ba shi ni," Auta ta ce. "Baba, ka ba da baki, na sani. Amma hancina ka yi wa alkawari, ba ni ba. Da ya tafi, wannan ya tafi tare da shi. Mutum ɗaya ne ya zo nemana lokacin da ba na bambance wardi da ruwan famfo, shi ne kuma ya faɗa maka gaskiya ranar farko ka kore shi. In ka hana ni shi, zan zauna a gidanka in haɗa maka turare har ƙarshen raina, ba zan saɓa maka ba. Amma wancan, wallahi ba zan aure shi ba."

Ba a taɓa yi wa Baba magana haka a ɗakin nan ba. Mama ta dafe ƙirji tana jiran tsawa.

Tsawar ba ta zo ba. Baba ya koma kujerarsa ya zauna kamar wanda ya sauke kaya daga doguwar tafiya.

"Ka gaida mahaifinka," ya ce wa Ɗan Kamfani.

"Baba, ai ba mu gama..."

"Na ce ka gaida shi."

Suka ji tashin motar, suka ji ta yi nisa. Baba ya daɗe yana kallon kwalaben da ke kan kanta. Sannan, karon farko, ya ɗaga ido ya dubi mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Ta yaya ka sani?"

"Da baki kake numfashi, Baba, muryarka kuma a toshe take. Turaren ma ya yi yawa a jikinka. Mai jin ƙamshi ba ya zuba haka."

"Yana warkewa?"

"Sai an duba. Wani ya kan dawo, wani ba ya dawowa. Ba zan yi maka alkawarin abin da ban gani ba."

Baba ya gyaɗa kai. Girman kai ba ya fita daga jikin mutum a yini ɗaya, don haka ya gyara hula, ya ɗaure fuska.

"Kada ka ɗauka wani abu ya canja. Ban ce na ba ka ba. Gobe zan zo ka duba ni, aiki ne kawai."

"In ni zan duba ka, to aiki ne kawai," in ji Likita. "Zan yi maka iyakar ƙoƙarina, kuma ba zan sake taka ƙofar gidanka da wata magana ba."

Auta ta juyo ta dube shi.

"Amma a yadda na koyi aikin nan, Baba, likita ba ya sa wuƙa a jikin surukinsa. Hannu ya kan yi rawa. Ɗaki biyu ne a ƙofar tsakiya, nawa da na abokiyar aikina. Wanda ka shiga gobe, na ji amsata."

Mama ta toshe baki da mayafi. Auta ta daina numfashi, ita da aka yi wa aiki don ta yi shi.

Baba ya dubi Likita, ya dubi 'yarsa da idonta ya yi ja amma ta ƙi sauke shi. Ya tuɓe babbar rigar da ke jikinsa, ya dunƙule ta, ya miƙa wa Auta.

"Ki zubar da jarkar can. Wannan kuma a wanke."

Ya nufi ƙofa a 'yar shara, Likita ya matsa ya ba shi hanya. Sai da ya kama marfin ƙofar sannan ya tsaya, bai juyo ba.

"Ita abokiyar aikin taka," ya ce, "ɗakinta na dama ne ko na hagu?"